Layi na Bakwai

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ban taɓa rubuta komai a littafin nan ba sai kaurin kebul da nauyin taransfoma. Yau zan rubuta wani abu daban, don in ban sauke shi a takarda ba zan sauke shi a kan mutum, kuma wanda ya fi kusa shi ne Maigida, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Gwajin ya yi kyau. Bari in fara da wannan tunda gaskiya ne. Wata goma sha takwas na yi ina zana sabuwar tashar wutar jami'ar nan, tashar da ke sarrafa kanta. In wutar gari ta ɗauke, ita za ta tayar da janareta, ta auna abin da za su iya ɗauka, ta yanke layukan da ba su da muhimmanci, ta bar sauran. Ba mai gudu da tocila, ba mai jan makunni da hannu. Daga yammacin Juma'a zuwa safiyar yau da gangan muka raba jami'ar da wutar gari, kuma fitilun asibitin jami'a ko ƙyaftawa ba su yi ba.

Layi goma sha huɗu ne. Na'ura ta yanke uku kamar yadda na tsara mata: filin wasa, fitilun lambu, da layi na bakwai. A zane, layi na bakwai tsohon sito ne, inda ake jibge karyayyun kujeru.

Ƙarfe tara Dakta ta shigo ofishina ba sallama. Ita ce mai ɗakin gwaje-gwajen da ke bayan sashen likitanci. Safar hannunta tana ɗigar ruwa. Ta ce, "Injiniya, zo ki gani."

Firiza huɗu. Kwalaben jinin da ta yi shekara shida tana bi ƙauye-ƙauye tana karɓa daga marasa lafiya. Ruwa ya malale har bakin ƙofa. Warin kam ba zan rubuta shi ba.

Ashe firizojinta a kan layi na bakwai suke.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Darakta ya kira ni. Shi ne shugaban sashen ayyuka, shi ya ba ni aikin nan alhali manyan maza suna ta hararar juna a kansa. Ya rufe ƙofa da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Kada ki yi magana da kowa tukuna. A zanen da aka ba ki me aka rubuta?"

Na ce sito.

"To madalla. Wa ke bakin aiki a ƙarshen makon?"

Na ce Baba Mai Alli.

Ya ce, "To." Wannan to ɗin ta fi warin ɗazu tayar min da hankali.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Baba Mai Alli shekararsa talatin da ɗaya a tsohon ɗakin makunnai. Wata huɗu ya rage masa ya yi ritaya. Ba ya rabuwa da alli a aljihun gaba, har rigunansa duk sun yi fari a wurin, kuma duk abin da ya faru da wutar jami'ar nan a bangon ɗakin yake rubuta shi: wane kebul ya ƙone, wane aka musanya da wane, ranar da maciji ya shiga taransfoma. Bangon ya cika tun daga ƙasa har inda hannunsa ke kaiwa in ya hau benci.

Mako uku da suka wuce na sa aka yi wa bangon fenti, saboda manyan jami'a za su zo duba aiki. Wannan kowa ya sani, ba sirri ba ne. Ranar ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon mai fenti, ya ce, "Injiniya 'yata, kin kwafe kuwa?" Na ce, "Baba, komai yana cikin kwamfuta."

Ai kuwa komai na zane yana cikin kwamfuta.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Shayi kawai na iya sha. A zane sito ne.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe uku na rana

An ba Baba takarda. Laifi biyu: cewa shekara tara da suka wuce ya haɗa ɗakin Dakta da layin sito ba tare da izini a rubuce ba, da cewa bai sanar da kowa ba. An dakatar da shi har kwamitin bincike ya zauna ranar 24. In kwamiti ya tabbatar, kora ce, ba ritaya ba. Shekara talatin da ɗaya, a fita ta ƙofar baya.

Maganar izinin kowa a sashenmu ya san yadda aka yi. Kebul ɗin Dakta ne ya ƙone da damina, daraktan wancan lokacin ya ce da baki a jona ta da sito kafin a gyara. Ba a gyara ba, shi kuma Allah ya yi masa rasuwa. A sashen nan rabin aikinmu kafin a gyara ne.

Na gan shi yana fita da filas ɗinsa da tabarmar sallarsa a hammata. Na so in shige banɗaki, ya riga ya gan ni.

"Injiniya 'yata, ya gajiyar gwaji?"

Na ce da godiya, Baba.

Ya miƙo min makullin ɗakin da hannu biyu. Bai ce komai a kan Asabar ɗin gwaji ba. Ni ma ban ce ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na tsefe kaina. Maigida ya shigo ya same ni a tsakar falo da tsinke, ya ce, "Ikon Allah, kitson da aka yi wuni guda ana yi, shi ne mako ɗaya ya isa?" Na ce ciwon kai yake sa ni. Ba ƙarya na yi ba, tun Litinin nake jin kowane layi na kitson nan kamar ana ja.

Ya ce kuma me ya sa kwanan nan nake kife waya a kan fuskarta. Na ce masa ya ji da jarrabawar ɗalibansa da yake dubawa, ya bar min wayata. Ya ɗaga hannu biyu ya fita.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Darakta yana son rahoton fasaha don kwamiti. Ya ce, "Shafi biyu. Abin da ke kan zane, da abin da na'ura ta yi. Kada ki sa ra'ayi."

Sai ya cire tabarau ya yi min magana kamar ƙanwarsa. Ya ce in aka ce kuskuren daga tsari ne, waɗanda tun farko ba sa son aikin nan za su samu abin da suke nema. A rufe tashar, a koma jan makunni da hannu, ɗalibai su koma karatu da hasken waya, asibiti ya koma tiyata da addu'ar kada janareta ya yi tari. Ya ce, "Mutum dubu ashirin ke jiran wutar nan. Ki yi tunani."

Na rubuta. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Sau biyar na karanta ina neman ƙaryar ban same ta ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ina laluben biro a jaka hannuna ya taɓa su. Makullan kwaɗo goma sha huɗu, a zobe ɗaya.

To, bari in rubuta wannan ma. Yammacin Juma'ar gwaji na bi makunnan hannu ɗaya bayan ɗaya na sa musu kwaɗo, don na san hannun Baba ƙaiƙayi yake in ya ga fitila ta canza launi. Na manna takarda mai sa hannun Darakta a ƙofa, cewa duk wanda ya taɓa makunni lokacin gwaji a bakin aikinsa. Ina dariya na ce, "Baba, ko me ka gani ka zauna ka sha shayinka. Na'urar nan ta fi mu sani."

Ya ce, "In wani abu ya taso fa?"

Na ce, "Ka kira ni."

Na mayar da makullan can ƙasan jaka, na ɗora musu gyale.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na yi karo da Dakta a matakala. Kwana tara ina zagaye ta bayan laburare don kada hakan ta faru.

Da ta zage ni da na samu sauƙi. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Kin san wasu daga cikin waɗanda suka ba ni jinin nan sun rasu? Ba zan iya komawa in ce su ƙara min ba. Akwai matar da ta yi tafiyar rabin wuni da ɗanta a baya, don na ce mata ƙila a gano maganin abin da ke damunsa."

Na ce Allah ya ba da haƙuri, Dakta.

Ta ce, "Amin. Amma abu ɗaya ya tsaya min. Tsohon nan shekara tara bai taɓa barin firizata ta yi ɗumi ba. Duk ranar da aka ɗauke wuta, kafin in iso ya riga ya leƙa ta taga. Ni ina wajen taro a wani gari ranar, wayata a kashe. Shi da yake nan, wa ya kira?"

Ta tsaya tana kallona. Na ce ina da taro, na sauka da sauri har na kusa tuntuɓe.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Saura kwana goma kwamiti ya zauna. Na wuce ta gaban tsohon ɗakin makunnai, bangon fari fat, har yana ɗaukar ido.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe goma na safe

Sau uku ne Baba ya kira ni ranar Asabar ɗin gwaji.

Goma da minti goma sha biyu. Goma da minti arba'in. Ɗaya da minti biyar. Suna nan a wayata da jan rubutu, ban goge ba, ban kuma iya kallonsu.

Ranar ina zaune a gidan mai kitso, kaina a kan gwiwarta. Wayar ta yi ƙara a cinyata, na ga sunansa da idona. Mai kitso ta ce in ɗauka mana. Na ce, "Rabu da shi, wani tsoho ne a wurin aikinmu, in ƙadangare ya shiga ɗaki sai ya kira ni." Matan da ke jira suka yi dariya, ni ma na yi, na kife wayar. Na duba kwamfutar tashar ta waya da yamma, komai kore ne, na ce ka gani ko. Ban kira shi ba.

Baba ba ya tura saƙo. Bai iya rubutu a waya ba, a bango yake rubutu.

Kunya nake ji, irin wadda ke sa mutum ya ƙi kallon madubi. Tsoro kuma ya fi kunyar yawa, kuma wannan ma abin kunya ne.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na ce wa Maigida ya kai ni gidan Baba. Bai tambayi dalili ba, ya tsaya a mota.

Na same shi a ƙofar gida a kan benci, ya buɗe cikin fankar maƙwabta yana hura mata ƙura. Matarsa ta kawo ruwa ta koma ba ta zauna ba. Gaisuwarta a taƙaice, ban ga laifinta ba.

Ya ce, "Injiniya da kanta! Ya tashar tamu?"

Tamu, in ji shi. Na ce lafiya lau take. Ya ci gaba da juya sukundireba. Can na ce, "Baba, ranar Asabar..."

Ya ce, "Na ga bakwai ta yi ja tun safe. Na kira ki. Na kira Darakta, yana hanya. Na je ɗakin Dakta, a kulle, na sa kunne a taga ban ji ƙugin firiza ba. Na dawo na ɗauki guduma. Sau biyu ina ɗora ta a kan kwaɗon nan." Ya ajiye sukundireban. "Sai in kalli takardar da ke ƙofa. Sai kuma in ce, ƙila na'urar ta san wani abu da ban sani ba, ƙila ta ba su wuta ta wata hanya. Ke kika ce ta fi mu sani. Da na fasa kwaɗon, 'yata. Wannan nawa ne, da shi nake kwana."

Wai shi ne ke kwana da shi.

Na ce, "Za ka faɗa wa kwamiti ka kira ni?"

Wallahi haka na tambaya. Ba don in ce masa ya faɗa ba, don in ji ne ko zai faɗa, kuma ya gane.

Ya ce, "In sun tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Amma ba za su tambaya ba, takardarsu ba ta da wannan layin. Ke yarinya ce, gabanki da nisa, kuma aikin da kika yi mai kyau ne, na ga yadda janareta suka tashi ba ko gargada. Abu ɗaya zan faɗa, cewa na rubuta a bango. Ba zan yarda jikokina su ji an ce ɓoyewa na yi ba."

A mota Maigida ya miƙo min hankici.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe tara na safe

Akwai hoto.

Kafin mai fenti ya fara na ɗauki bangon a waya. Ba don in kwafe ba. Don in nuna wa manyan jami'a ne a majigi: ga jiya, ga yau. Jiya bangon Baba, yau allon kwamfutata mai launuka. Sun yi dariya sosai, wani har da tafi. Daƙiƙa biyar hoton ya yi a allo, ba wanda ya karanta, har ni.

Ban buɗe shi ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Na faɗa wa Maigida duka, a kicin, ina wanke kofin da na riga na wanke. Kira uku, kwaɗo, hoto.

Ya karɓi kofin daga hannuna ya ajiye. Sannan ya ce, "Ni ba zan ce miki yi ko bari ba, ke ce injiniya. In aka sauke ki, ba za mu mutu ba. In kika yi shiru, ba wanda zai ji daga bakina. Amma yau kwana goma sha biyar rabon da ki yi min faɗa a kan takalmi a falo. Jiya da gangan na bar su a kan kujera, kika ɗauke kika ajiye ba ki ce komai ba. Ni dai matata nake so a dawo min da ita."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu.

Ban buɗe hoton ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na buɗe.

Can sama ta hannun dama, inda sai ya hau benci. An zagaye lambar sau biyu: "7. Sito DA FIRIZAR DAKTA. Kada a kashe ko da wasa."

Na ci gaba da jan hoton da yatsa, ina karanta shekara talatin layi-layi. Sai na iso wani wuri da ya sa na miƙe tsaye ban sani ba. "11. Masaukin baƙi DA ƊAKIN JARIRAI na asibiti, tun gobara."

A tsarina, layi na goma sha ɗaya shi ne na huɗu a jerin yankewa. Ranar gwaji uku kawai aka yanke, saboda ƙarshen mako ne, nauyi bai yi yawa ba. Da ranar aiki ce, da azuzuwa cike da fankoki suna juyawa...

Ba zan ƙarasa wannan jimlar ba.

Na je asibiti da ƙafa na bi kebul ɗin da idona. Haka ne. Na dawo na gyara jerin a kwamfuta, minti biyu, ba wanda ya gani. Da allin Baba na gyara tashata, shi kuma yana gida yana hura ƙurar fanka.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Darakta ya leƙo ya ce rahoton ya yi daidai, in karanta shi kawai ranar Litinin in zauna. Ya ce an sa ranar buɗe tashar, kuma za a ambaci sunana a jawabi.

Na ce na gode, ranka ya daɗe. Yanzu dai an gyara goma sha ɗaya, ba wanda zai cutu. Haka nake ta faɗa wa kaina tun jiya.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na goge kayan da zan sa gobe sau biyu. Na ciro makullan daga jaka, na mayar, na sake cirowa.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Ban san abin da zan yi ba. Da gaske ban sani ba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Mutum biyar a kwamiti, shugabansu wani farfesan shari'a mai magana a hankali kamar yana ƙirga kalmomi. Dakta a gefe ɗaya, Darakta kusa da ni. Baba shi kaɗai a kujerar tsakiya, ya sa sabuwar riga, aljihun gaba ba fari.

Shugaba ya ce, "Malam, ka haɗa layin?"

"Na haɗa, ranka ya daɗe. Umarni aka ba ni."

"A rubuce?"

"Da baki."

"Ka sanar da wani cewa firizojin suna kan layin?"

"Na rubuta a bango."

"Wane bango?"

Baba ya faɗa. Wani ɗan kwamiti ya ce ai sun je ɗakin da safe, bangon ko ƙuda bai sauka a kai ba. Aka yi 'yar dariya. Irin dariyar ranar majigi ce, na gane ta, ni na koya musu. Baba ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa. Ba wanda ya tambaye shi ko ya kira wani, kamar yadda ya ce.

Aka ce Injiniya ta karanta rahoto. Na karanta shafin farko har ƙarshe, muryata lafiya lau. Na juya shafi na biyu, na ga jimlar farko: babu wata shaida da ke nuna an sanar da masu tsara aikin. Ni na rubuta ta, kuma ranar da na rubuta ban buɗe hoton ba, shi ya sa na ce ba ƙarya ba ce.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni igiyar majigi."

Darakta ya taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur. Sakatariya ta taimaka min na jona wayar. Bangon Baba ya fito a allo, babba, fiye da yadda yake a gaske. Na ja zuwa bakwai na bar shi. Na ja zuwa goma sha ɗaya na bar shi, na ga likitan da ke cikin kwamiti ya dafe baki. Na nuna kira uku masu jan rubutu. Na zaro makullan na ajiye a tebur, ƙararsu ta cika ɗakin.

Na ce ni na sa aka shafe bangon ban karanta ba. Ni na kulle makunnan. Ni na ce ya kira ni, ya kira, na gani, na ƙi ɗauka. Shugaba ya ce ina ina a lokacin. Na ce wajen kitso. Ba wanda ya yi dariya.

Baba ne kawai ya yi magana, can ƙasa, ba tare da ya ɗago ba. Ya ce, "Kai, 'yata."

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe uku na rana

An janye takardar Baba, zai yi ritayarsa a lokacinta. Ni an sauke ni daga jagorancin aikin, kuma tawa takardar tana tafe. An ɗage buɗe tashar har sai an bi layi goma sha huɗun nan da ƙafa, an gyara zane. Ba a rufe ta ba, ba a kuma ce ba za a rufe ba. Darakta ya wuce ni a baranda kamar bai taɓa ganina ba, kuma hakan ya yi min ciwo fiye da yadda na zata.

Na je ɗakin Dakta. Firizojin a buɗe, an wanke su, babu komai ciki. Na ce mata ban zo neman yafiya ba, na zo ne in faɗa da bakina. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Na ji." Ta ci gaba da jera sababbin kwalabe a akwati. Ba ta ce in zauna ba, ni ma ban ga dalilin da za ta ce ba.

Da na dawo gida na ga takalmi a falo, na ɗaga murya. Maigida ya fito daga ɗaki yana cewa alhamdu lillahi.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe goma da kwata na safe

Waya ta yi ƙara ina shanya. Kafin ta yi ta biyu na ɗauka da jiƙaƙƙen hannu.

"Baba, lafiya? Wane layi ne?"

Ya ce, "Lafiya lau. Gwajin layinki nake yi." Na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. "Ya yi kyau kuwa, ko gargada babu."



Ya ce, "An ce ni zan bi layukan da ƙafa. Na ce musu idona ya yi rauni, sai da mai rubutu, kuma ni zan zaɓa. Litinin ki zo da takalmin tafiya da littafi. Akwai abin da ke cikin kaina da bai samu wuri a bangon ba, kuma wata uku ya rage min."

Na ce to, Baba.

"Daga bakwai za mu fara," in ji shi, ya kashe.

Na ajiye wayar a kan tebur, fuskarta sama.